Raken Birin MaMpofu

Johannesburg, 14 ga Maris

Baban Thuba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen layinmu na Luveve. Yaya ƙafar taka? Ina fata ka daina tsayuwa a kanta yini guda a tashar jirgi kamar kujera ta ƙare a duniya. Ni ina nan Goli lafiya lau, sai dai bayana. Tsohuwar da nake jinya ƙashi ce da fata, amma in ka zo ɗaga ta sai ka rantse buhun siminti ce. Ba ta da fitina. Ɗanta ne mai yawan surutu, shi ma sai ƙarshen mako yake leƙowa. Na rubuta wa Thuba can makarantar kwana, na aika mata takalmi ta hannun Mgcini direba, wanda zai kawo maka wannan takarda tare da sabulu da man girki.

Abin da ya zaunar da ni rubutu kuwa, na fito a gurguje ban gaya maka yadda ake kula da furena ba. Wanda ke ɗaure a gwabar bayan kicin nake nufi, mai kara kamar rake, wanda kake shanya tawul a kansa duk da na hana ka. Mutanen gidan nan okid suke ce masa, mu kuma ka san raken biri muke cewa. Shekara goma sha shida yana hannuna, tun shekarar aurenmu, bai taɓa kwana da ciwo ba.

Ba ya son ƙasa. Kada ka ga saiwoyinsa a waje ka ji tausayinsa, haka aka halicce shi, a jikin itace yake rayuwa. Yanzu da sauran zafi, ka yayyafa masa kofi ɗaya na ruwa da sassafe, Laraba da Lahadi, a saiwa ba a ganye ba. Ruwan da bai ga sabulu ba. Na san halin da Bulawayo take ciki bana, amma kofi ɗaya ba zai sa a yanke mana famfo ba. Busassun ganyen gwaba da ke faɗawa cikin saiwar ka bar su, abincinsa ke nan. In lokaci ya juya zan rubuto maka abin da za ka yi.

Ka riƙe mini shi da kyau, Tshuma. In na dawo na tarar ya mutu, ni da kai ne.

Matarka,
MaMpofu

Luveve, Bulawayo, 21 ga Afrilu

MaMpofu,

Ina gaishe ki ƙwarai. Takardarki ta iso da sabulu da mai, na gode. Ƙafa ta yi sauƙi, sai in an yi sanyin asuba take tuna mini da kanta. Ki riƙa durƙusawa in za ki ɗaga tsohuwar, kada ki sunkuya, haka muke yi da kayan ƙarfe a wurin aiki. Thuba ta rubuto, takalmi ya yi mata, lissafi ne bai yi mata ba. Ruwa kuwa sai addu'a. An yanka wa kowane gida abin da zai sha a rana, wanda ya zarce a zo a toshe masa famfo.

Goggo MaTshuma ta zo daga Nkayi saboda idonta. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma layi da tsawo, don haka tana ɗakin Thuba. Kin san tun rasuwar Baba ƙanwarsa ce babba a danginmu, ba a ƙetare maganarta. To, wata magana ta taso a kan furenki, na yi ta juya ta na rasa ta ina zan kama, shi ya sa zan zube miki ita yadda ta faru.

Ranar Lahadi ina tsaye kan bokiti ina yayyafa masa kofinsa, sai ga ta da sandarta.

"Mehluli, me kake ba ruwa a sama? Mutane na ba ƙasa, kai kana ba itace?"

Na ce furen MaMpofu ne. Ta matso ta shafa karan, ta shafa fararen saiwoyin nan masu tsini da ke kallon sama, sai ta yi baya ta tofar da yawu.

"Raken biri! A gidan ɗan wana! Tun yaushe?"

Na ce tun shekarar aure.

"Yawwa. Wa ke wanke kwano a gidan nan?"

Na ce wani lokaci ni.

"Yaushe rabonka da gidan giya?"

Na ce an jima.

"Tun shekarar aure, ko ba haka ba? Wane namiji ne matarsa za ta ce za ta Goli aiki, ya ɗaukar mata jaka har tasha yana share hawaye? An shanye ka, ɗana. An shanye ka tas, an rataye ƙoƙon a kan gwaba, kai kuma kana ba shi ruwa da hannunka."

Ta ce a ƙauye samari ne ke neman abin nan in za su je zance, don yarinya ta kasa ce musu a'a, kuma matan da suka san kan abu su ma suna da tasu hanyar. Na yi dariya, na ce Goggo ke nan. Ta ce dariyar ma ba tawa ba ce. Ranar ba ta ci tuwon gidan ba, burodi ta ci da shayi.

MaMpofu, ni ba zarginki nake ba. Amma da na zauna na duba, gaskiya a shekarar na daina zuwa gidan giya, ni kuma duk zatona gyambon ciki ne ya hana ni. Sannan na sha ganinki da safe a gindin gwabar nan, bakinki na motsi, ba kowa a wurin. Me kike ce masa? Kuma da kika rubuta in ya mutu ni da ke ne, faɗa kike nufi ko wani abu ne zai same ni?

Ina nan ina ba shi ruwa, Laraba da Lahadi, wani lokaci da Juma'a in na ga kamar yana kallona. Ki dai gaya mini gaskiya, fure ne ko magani, in san abin da nake shayarwa. Ko me kika ce zan ɗauka.

Mijinki,
Mehluli Tshuma

Johannesburg, 17 ga Mayu

Baban Thuba,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. A kan gwiwata nake rubutu, Mgcini na bakin ƙofa bai kashe mota ba, kuma tsohuwa ta kwana tana tari. Ni lafiya, baya da sauƙi. Ga bargo nan da sukari.

Maganar raken biri: ka daina ba shi ruwa. Ko ɗigo. Daga ranar da takardar nan ta same ka, ka ɗauke hannunka daga kansa, ka bar shi ya bushe. Za ka ga ganye ya yi rawaya yana zuba, kada abin ya dame ka, haka nake so. Lokacinsa ne ya yi.

Sannan ba zan samu zuwa a watan Agusta ba kamar yadda muka yi. Ɗan tsohuwar ya roƙe ni in ƙara shekara ɗaya, ya ce bai taɓa samun mai hannu irin nawa ba. Ban ba shi amsa ba, ina tunani. Za mu yi maganar a tsanake.

Ga shi yana danna mini oda. Sai an jima.

MaMpofu

Luveve, 19 ga Yuni

MaMpofu,

Ina gaishe ki. Bargo ya iso. Muna nan lafiya, in wannan ce lafiya. Sanyi ya sauko sosai, ƙafa ta dawo, Goggo har yanzu tana jiran layi.

Na ga amsarki. A wurin aiki na buɗe ta, na karanta ta a tsaye, har na tura taragu biyu layin da ba nasu ba, shugabanmu ya tambaye ni ko na sha wani abu. Na yi miki tambaya ɗaya, fure ne ko magani. Ba ki ce fure ba, ba ki ce magani ba. Kika ce in bar shi ya bushe, haka kike so, lokacinsa ya yi. Na juya takardar ko akwai saura a baya, babu. Na leƙa cikin ambulan, na zazzage bargon, babu.

Da na rasa gane ta sai na karanta wa Goggo. Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai, sannan ta ce:

"Mace ba ta daina ciyar da maganinta sai ta gama da mijin. Wannan ɗan tsohuwar, mai yabon hannu, yana da mata?"

Na ce ban sani ba.

"Ba ka sani ba! Kai dai ka gode wa kakanninka, an kwance ka ba ka kashe ko akuya ba. Wasu sai sun tafi har Binga neman mai karya musu. Kawo ashana mu ƙone shi, ka je ka sha giya kamar ɗan Tshuma."

Ban ba ta ashana ba. Na fita na zauna a gindin gwabar, kaina ya ɗaure. In ba magani ba ne, me ya sa mutum zai raini abu shekara goma sha shida, rana ɗaya ya ce a bar shi ya bushe, a cikin takardar da ya ce ba zai zo gida ba? In kuma magani ne, to ranar da ya mutu me zai faru da ni? Zan farka ne in tuna ki kamar yadda nake tuna matar da ke sayar da lemo a tasha? Zan ga hotonmu a bango in ce wace ce wannan? Goggo ta ce haka ake yi, wai kamar zazzaɓi ne ya sake ka, har ka ji yunwa. Tsoro ya kama ni, MaMpofu, ba zan ɓoye miki ba.

Ni ban nemi a kwance ni ba. Ba wanda ya tambaye ni ranar da aka ɗaure ni, to yanzu sai a tambaye ni. Ban yarda ki sake ni ba.

Saboda haka ban bi maganarki ba, kuma gara ki ji daga bakina. Na yanke tsofaffin safar da kika ɗaure shi da su, na sauko da shi. Na raba durom ɗin ƙarfe gida biyu, na cika rabi da baƙar ƙasa daga lambun maƙwabta, na haɗa da kashin kaji, na dasa shi sosai, na rufe saiwoyin nan da suka sha wahala a waje. Na san kin ce ba ya son ƙasa, amma lokacin kina so ya rayu ne ko kina shirya wannan, ban sani ba kuma. Na shigar da shi ɗakinmu saboda Goggo da ashanarta, yana nan gefen gadonki. Ina ba shi safe da yamma, bokiti guda a rana.

Don kada mu zarce abin da aka yanka mana, na ba shi ruwan wankana. Tsumma nake jiƙawa in goge inda ya kamata. A wurin aiki in an zauna cin abinci sai in ga benci ya zama nawa ni kaɗai, har wani ya ce wai in riƙa tsayawa ta inda iska ke tafiya. Ban kula su ba.

Abin da ya ƙara rikita ni, kin ce in an hana shi ruwa ganye zai yi rawaya ya zuba. To ga shi ina ba shi, kuma ganyen ya yi rawaya yana zuba. Ko daga can kike yi masa wani abu? Na ƙara masa rabin bokiti.

Ki rubuto. Ki gaya mini ko mutumin yana da mata.

Mijinki har yanzu,
Mehluli

Johannesburg, 22 ga Yuli

Baban Thuba,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaisuwa a gidanmu. Ina fata ƙafa da sauƙi. Ni lafiyata lau har jiya da rana.

Jiya Mgcini ya miƙo mini takardunka guda biyu a tare. Ta Afrilu ashe tana cikin aljihun motarsa tun lokacin, a ƙarƙashin takardun boda, ta sha man inji. Ni kuma da ban sani ba sai na fara buɗe mai tsabtar, ta Yuni. Ka sa kanka a matsayina. Mijina na cewa ya ga amsata, alhali ba wanda ya tambaye ni komai. Wai bai yarda in sake shi ba. Wai an kwance shi. Wai yana kwana da durom. Na karanta sau biyu, na ce ko dai rana ta taɓa shi a tashar jirgi, ko kuwa shi ne yake son rabuwa yake zagaye. Na zauna a ƙasan kicin ɗin mutane. Sai da na buɗe ta Afrilu na ga inda wutar ta tashi. Na yi dariya har tsohuwa ta buga ƙararrawa, daga nan dariyar ta koma kuka.

Kafin komai, ka ajiye takardar nan ka je ka fitar da shi daga ƙasar nan. Yanzu. Ka karkaɗe saiwar, ka yanke duk wadda ta yi baƙi ko ta yi laushi, ka kwantar da shi a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada ka ba shi komai. In ka gama ka dawo ka ci gaba da karatu.

Kashin kaji, Tshuma! Bokiti da rabi, a cikin sanyin Yuni! A daji wa ke ba shi ruwa daga Mayu zuwa faɗuwar damina? Yana shan na damina ya ajiye a kara, da sanyi ya huta. In ya sha ruwa da sanyi saiwa ta ruɓe, in bai ji ƙishin ba kuma ba zai yi fure ba. Duk shekara ina ɗauke masa ruwa a watan Mayu, duk shekara yana zubar da ganye, duk shekara yana fitar da furen nan rawaya mai ɗigon damisa da kake cewa yana sa ka atishawa. A gidan kake. Idonka yana ina?

Ga asalinsa, tunda yau sai na ba da shaida. Makon da za a kawo ni gidanka iska ta karya reshen wani babban itace a bayan garken babana a Kezi, da wannan abin manne a jiki, bai fi tafin hannu ba. Ana ta haɗa mini tukwane da tabarmi, ni kuma ina son in tafi da wani abu na gidanmu wanda ba a saya a kanti ba. Na naɗe shi a ɗankwali na riƙe a cinya har Bulawayo. Shi ke nan. Na san abin da ake faɗa a kansa, kowa ya sani. Ana faɗar abubuwa a kan mujiya ma, ita kuwa ɓera take nema. Bakina da kake gani yana motsi, addu'ar safe nake yi, don gindin gwabar nan ne kaɗai wurin da ba wanda zai biyo ni ya ce ina safarsa.

Ɗan tsohuwar yana da mata da 'ya'ya huɗu da tumbi. Ka huta.

Yanzu saura tawa. Goggo ban ga laifinta ba, tun ranar farko ba ta so ni ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Kai ne ka ba ni mamaki. Ni duk shekarun nan na ɗauka kana wanke kwano ne don ka ga na gaji. Na ɗauka ka bar gidan giya ne don gida ya fi maka daɗi. Da ka yi kuka a tasha na shiga mota ina jin ba macen da ta kai ni sa'a. Ashe kai kanka ba ka tabbata naka ba ne. Tsohuwa mai ido ɗaya da rabi ta shafa kara sau ɗaya, ka miƙa wa ganye duk abin da ka taɓa yi mini. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Har na rasa wanne ya fi, zargin da ka yi mini ko wankan da ka bari saboda ni. Ina jin haushinka, ina jin tausayinka, ban san wanda zan bi ba.

Mutumin nan yana son amsa kafin ƙarshen Satumba. Da na yi niyyar ce masa a'a. Yanzu ban sani ba. In wanda na zauna da shi shekara goma sha shida aikin raken biri ne, to wa zan dawo wa? Ka amsa mini wannan, kuma kada ka karanta wa kowa.

MaMpofu

Luveve, 25 ga Agusta

MaMpofu,

Ina gaishe ki, ina fata bayanki da sauƙi, tsohuwa kuma tari ya lafa. Thuba ta zo hutu ta koma, ta yi tsawo. An yi wa Goggo aiki, ido ɗaya ya buɗe. Takardarki ta iso a tsakiyar watan nan, ban karanta wa kowa ba.

Na yi yadda kika ce, na ajiye takardar na je. Amma na makara. Tun ƙarshen Yuli ɗakin ya fara wari, ni kuma na ɗauka ni ne. Da na ja karan sai ya biyo hannuna ba gardama. Saiwoyin sun zama baƙi, suna narkewa kamar igiyar da ta kwana cikin kwata. Kin ce in yanke mai laushi in bar mai ƙarfi. Na yi ta yanka ina neman mai ƙarfin har wuƙa ta fita ta ɗaya gefen. Ya mutu, MaMpofu. Ni na kashe shi. Abin da kika riƙo a cinya daga gidan babanki, na kashe shi da bokiti.

Goggo da ta gani da sabon idonta sai ta yi guɗa, ta sa aka yanka kaza. Ta ce kafin mako ya zagayo zan dawo hayyacina. Kin ce babu magani, na kuma yarda da ke, amma ba zan yi miki ƙarya ba, wani ɓangare na zuciyata ya zauna yana jira ya gani. Kullum in na farka sai in kwanta shiru in lalubi kaina, kamar mai taɓa haƙori da harshe ya ji ko ciwon na nan. Sai in tarar yana nan.

Ranar Asabar Goggo ta tura ni gidan giya. Na je, na karɓi ƙwarya, tsofaffin abokai suka yi ta ihu wai matacce ya tashi. Na kurɓa sau biyu. Ana ta gardamar ƙwallo, ni kuma ina tunanin kin aiko mini bargo, ke da me kike rufa a sanyin Goli. Na bar musu giyar na dawo.

Sai ta gwada wata hanyar. Akwai wata MaNyoni a cocinsu, mijinta ya rasu, mace mai hankali, ba abin da zan ce a kanta. Ta kawo tuwo da miyar ganye da naman kaza, ta zauna tana kallon ƙasa, Goggo kuma ta tuna tana da aiki a waje. Na ci, na gode mata. Da na farga sai na gan ni a bakin famfo ina wanke mata kwanon, ina ba ta labarin yadda kike dafa kabewa. Matar ta karɓi kwanonta ta tafi. Goggo ta ɗora hannu a ka.

"Akwai saura! Wancan na ado ne, na gasken yana binne!"

Ta sa ni na haƙa bakin ƙofa. Na haƙa gindin gwaba, na ɗaga katifa, na hau rufi. Na san kin ce babu, na kuma san babu, amma na haƙa, don ni ma ina son in ga abin da ke yi mini haka. Mun sami cokali ɗaya da ƙwallon Thuba na tun tana ƙarama. Goggo ta haɗa kayanta ta koma Nkayi. A tasha ta ce mini matata ta fi ƙarfinta, in na mutu kada a ce ba ta yi ƙoƙari ba.

To ga ni. Furen ya mutu, ƙasa babu komai, gidan duk ramuka. Ni kuma ina nan yadda kika bar ni, har abin ya fi da. In na ji mota ta tsaya a layi sai na leƙa. In na dafa shayi sai in ga na sauke kofi biyu. Da ina da abin da zan ɗora wa laifi, yanzu babu. Kin fi ni karatu, kin yi aiki da masu jinya. In ba magani ba ne, mene ne wannan, kuma me ya sa bai ragu ba?

Kin tambaye ni wa za ki dawo wa. Na yi kwanaki ina neman amsa mai kyau ban samu ba. Mutumin da ya yi zarginki, ya ƙi jin maganarki, ya kashe miki fure, shi kaɗai ne a gidan. Ba wanda ya ɗaure shi. Ƙofa a buɗe take, ya duba, ba inda yake son zuwa.

Mehluli

Johannesburg, 13 ga Satumba

Baban Thuba,

Ina gaishe ka. Ina lafiya, tsohuwa ma ta samu sauƙi har tana zagin mai kawo madara. Wannan karon a gidan waya na jefa takardar, na gama da aljihun Mgcini.

Na yi kukan furena, kada ka ɗauka ban yi ba. Babana ya rasu, garken ya watse, itacen ma an sare shi. Ba inda zan sake samun wannan ɗin, kuma ban yafe ba tukuna.

Ciwon da kake tambaya kuwa, ba ni na sa maka ba, kuma ba ni da maganinsa. Da ina da shi da na fara sha, don tun ranar da na sauka garin nan yake cina, ni kuma ba wanda ya rataya mini komai a kan gwaba. Kai dai Allah ya yi ka da jinkirin ganewa. Mutum ya kai shekara arba'in da biyar, sai ya rushe rabin gidansa kafin ya san yana son matarsa.

Na gaya wa ɗan tsohuwa ya nemi wata. Ya yi ta magana, na bar shi ya gama. Zan yi musu Oktoba don sabuwar ta koyi ɗaga ta, in taso farkon Nuwamba.

Ka cike ramukan nan kafin wani ya karye. Kuma kada ka ga na ce zan dawo ka ɗauka magana ta wuce. Faɗan da ke bakina ya fi ƙarfin takarda, sai ina kallon idonka zan yi shi, kuma zai ɗauke mu shekaru.

Matarka,
MaMpofu